A Fitar Masa da Shi

Da la'asar sakaliya Kaka take niƙa kwalli, bayan an kwashe shanya, inuwar dalbejiya ta miƙe har bakin randa. Tana da ɗan dutsenta na daban, baƙi mai santsi, wanda barkono bai taɓa hawa kansa ba, yana zaune a ƙasan adudu tare da tsumman goro da wani kwabo mai huji da ya daina sayen komai. In ta kwance ƙullin, sai dutsen kwallin ya gangaro tafin hannunta yana ƙyalli. Takan ɗora mini shi in ji. Bai kai goro girma ba, amma yana rinjayar hannu. Nauyin nan nake tunawa fiye da ƙyallin. Sai ta fasa shi, ta yi ta gurzawa tana 'yar waƙarta ta hanci har ya koma gari lilis, ta share da gashin kaza ta ɗura a tandu, kowa a gidan ya miƙo ido, har jinjirin da aka raɗa wa suna shekaranjiya. Ido ya yi haske, in ji ta, bakin mutane kuma ya kauce.

Gidan yana Limawa a Minna, kuma da kukan jirgi muke sanin lokaci. Baba ma'aikacin reluwe ne, yakan dawo da warin baƙin mai da ƙarfe a kakinsa, Inna ta miƙa masa buta da sabulun salo kafin ya taɓa kowa. Ni ce 'yar fari, don haka ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" ce ni, in kuma ranta ya yi fari, "'yar nan". Bayana akwai uku, ɗaya bai zauna ba, sannan Auta, wanda aka haifa a 1976, shekarar da aka yi jiharmu, gari ya cika da baƙi da motocin gwamnati.

Auta ya zo da kyau. Jawur, ɓul-ɓul, gashi kwance, matan unguwa na rububin goyonsa. Ya zauna a kan kari, ya yi rarrafe, ya tashi. Magana ce ba ta zo ba. Ka kira shi ta baya, ko gezau, har aka fara cewa ko kurma ne, amma jirgin da ya taso daga Zungeru shi ne farkon mai jin sa a gidan, tun kafin karnukan bariki su fara haushi. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya je ya dafa ƙyauren zaure ya tsaya. In mata biyu suka haɗu a turmi suna lugude, ya toshe kunnuwa ya durƙushe yana wani kuka mai tsuma rai. Ba ya kallon ido. Abin duniyarsa murafun kwalbar lemo, yana da su cike da gwangwanin madara, yakan jera su a kan daɓe tun daga ƙofar ɗakin Inna har gindin murhu, layi ɗaya ɗoɗar, lanƙwasassu a gefe, masu tsatsa a gefe, in kaza ta ture ɗaya sai an sake daga farko. Ni ce 'yar rainonsa. Bayana ya san nauyinsa kafin ya san na 'ya'yana.

Da ya cika uku bai ce uffan ba, tsakar gidanmu ta zama majalisa. Goggo ta ce iska ce, an bar shi a bakin rijiya da almuru. Wata Banufiya mai ƙuli-ƙuli da ke ƙaunar Inna ta ce wani abu ta ci tana da cikinsa. Wata ta ce kambun baka ne, yaron ya cika kyau. Wanzamin da ya cire masa hakin wuya ya ce majina ce ta daskare a ƙirji ta danne harshe. Ba su taɓa haɗuwa a kan sunan abin ba, amma duk maganar wuri ɗaya take ƙarewa: akwai abu a cikin yaron nan. A fitar masa da shi.

Aka shiga fitarwa. Ni ake aike, da sule biyu a ƙulle a bakin zane, in tsallake layin dogo, in bi ta rumfunan 'yan doya inda ƙasa ke warin ɓawo da rana, zuwa wajen masu magani da ke shimfiɗe da buhu, sassaƙe da saiwa da busasshiyar hawainiya, ina maimaita saƙon a baki duk tsawon hanya kada ya zube. Filasko na wankin ciki. Jar kanwa. Sassaƙen maɗaci da ake jiƙawa a sabuwar tukunya ya kwana a raɓa. Wani tsimi a kwalba mai toshiyar totuwa, wanda in an buɗe sai ƙudaje su watse. Hayaƙi a kasko, a lulluɓe shi da bargo, ni a ciki tare da shi don ba ya yarda da kowa, mu fito idanunmu na zuba. Rubutu ne kaɗai yake sha ba da kokawa ba, yana son ɗanɗanon ƙaron da ke cikin tawadar, har moɗar yake lashewa.

Ke kuma, yarinyar nan mai kitson shuku da faso a dugadugi, kin gaskata har zuciya. Duk safiyar da aka ba shi filasko ke ce mai kai fo bayan gida, kuma ba kya zubarwa sai kin sa tsinke kin tona. Nema kike. A ranki abin yana da kama: ƙarami ne, baƙi, mai nauyi, zai faɗa ƙasan fo ya ce ƙwal, ki ɗauko ki wanke ki ruga ki nuna wa Inna, sai Auta ya juyo ya dube ki cikin ido ya ce Yaya. Har kin tanadi akwatin ashana da za ki ajiye shi a ciki, kin shimfiɗa masa auduga. Wa ya faɗa miki haka abin yake? Babu. Ke kika ƙera shi daga maganganun manya da kike tsinta a bakin murhu. Ba ki gaya wa kowa ba, ba ki kuma fasa ba, damina da rani.

Jeren Inna ne ya biya. Da can in ka ɗaga asabarin ɗakinta sai idonka ya ɗauke, kwalla bisa kwalla har rufi, samiru masu furanni, tasoshin Bida da uwarta ta ba ta ranar da za a kai ta. Sai dillaliya ta fara shigowa da mayafi a yafe, ta fita da shi a ƙunshe. Sahun sama ya tafi, na ƙasa da shi ya bi, aka bar shatin gindin kwanuka a jikin bango, inda farar ƙasa ba ta sha hayaƙi ba. In tana shara ba ta kallon wajen. Ban taɓa jin ta ce kaico ba.

Wani wankin ciki ne ya kusa tafiya da shi. Ya kwana yana zuba, da asuba idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe, aka karkaɗa masa gwangwanin murafunsa bai motsa ba. Baba ya saɓa shi a kafaɗa ya yi asibiti da shi a ƙasa, aka ɗaura masa ruwa. Da suka dawo, Baba, mutumin da ba ya sa baki a sha'anin cikin gida, ya tsaya a tsakar gida ko takalmi bai cire ba ya ce, "Ya isa haka. Addu'a a ci gaba, amma kada a ƙara ɗura wa yaron nan komai." Goggo ta yi fushi, sallah biyu ba ta tako gidan ba. Daga ranar, in ya taso aiki ya ci abinci, sai ya kama hannun Auta su koma tasha su zauna a kan bencin siminti, yana nuna masa yana faɗa, yau da gobe, abu ɗaya da murya ɗaya: ga kan jirgi, ga tarago, ga mai tuta, ga na Kano, ga na Ikko. Bai taɓa ce masa maimaita ba. Auta yana da shekara 7, muna cin tuwon dare a hasken aci-balbal, jirgin kaya ya yi kuka daga nesa, sai muka ji wata murya da ba mu sani ba, siririya, a shaƙe, ta ce, "Na Ikko." Mara ta suɓuce daga hannun Inna. Na Ikkon ne kuwa.

Na yi makarantar jinya a Bida, na dawo Minna na kama aiki, na yi aure, shekaru suka yi ta tafiya da allura da awon ciki da rigakafi. Gubar dalma rabin shafi ce a littafinmu, ciwon masu fenti da masu haɗa batir, muka haddace don jarrabawa. Alhali fetur ɗin da muke shaƙar hayaƙinsa a tashar mota yana ɗauke da ita, ba a kuma raba su a ƙasar nan ba sai bayan shekarar 2000.

A 2010 rediyo ya fara kawo labarin Zamfara. Ƙauyukan Anka da Bukkuyum: Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke, daga baya Bagega. Agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kula. Sai yara, amai da ciwon ciki da taune-taune da suma. An ɗauka sanƙarau ne ko zazzaɓin sauro, aka yi ta ba da maganinsu ba sauƙi. Ashe dutsen zinariya ne da maza ke haƙowa su kawo gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan dawa, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki, dutsen yankin kuwa cike yake da dalma. Yara sama da 400 suka rasu. Muna ji a ɗakin hutun ma'aikata muna salati, muna cewa can ne.

Kwallin Kaka sai a 2012 na karanta labarinsa, da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jinjiri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa. Aka bi sawu har kan kwallin da ake sa masa, aka auna, sama da kashi 82 cikin 100 dalma ce. Na ajiye takardar na daɗe ina duban tafin hannuna. Ba a taɓa auna jinin Auta ba. Dukanmu tandu ɗaya muka sha, shi kaɗai ya fito da nasa halin, kuma ana haihuwar irinsa a ƙasashen da ba su san kwalli ba. Amma daga ranar jikokina ba su ƙara ganin tsinken tandu ba.

Sai abin ya zo gida. A watan Mayu na 2015 ƙaramin ministan lafiya, Fidelis Nwankwo, ya ba da sanarwar mutuwar yara 28 cikin mutum 65 da suka kamu da gubar dalma a Ƙaramar Hukumar Rafi, wajen Shikira da Unguwar Magiro da Unguwar Kawo. Jinin da aka auna ya nuna daga maikirogiram 171 zuwa 224 a desilita, a ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa in yaro ya kai 5 a tashi a nemo inda gubar ke shigarsa. Ina cikin ma'aikatan jiha da suka je Kagara aiki tare da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF. Ina tuna hanyar, ƙamshin soyayyen kifi a Zungeru, gadar kogin Kaduna na rawa a ƙarƙashin mota, a Tegina a karkata, sai duwatsu da gonakin dawa.

Akwai wata 'yar na'ura da ake ɗiga wa jini ta ba da lamba cikin minti 3. Iyakar lissafinta 65. In jini ya wuce nan sai ta daina ƙirga, ta nuna cewa ya yi sama kawai, sai an sirka jinin an sake. Maganin kuma sunansa DMSA. Ƙwanso ne, in ka ɓare shi warin ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ka, warin da ke bin yatsu har masauki, ya fito a fitsarin yaro da numfashinsa, ya kama zanin goyon uwar. Mukan zuba a cokali da ɗan abin zaƙi, uwa ta matse kumatu. Sai ga ni, da furfura a goshi, riƙe da ƙafafun yaro yana shure-shure, ana ɗura masa abin da zai fitar da wani abu ƙarami mai nauyi daga cikinsa. Ranar farko sai da na zaga bayan ɗakin na tsaya ni kaɗai. Yarinyar nan mai tsinke, ashe akwai gidajen da zancenki gaskiya ne.

Da ƙugiya nake kwatanta wa iyaye mata aikin maganin, irin wadda ake arowa a maƙwabta in guga ya faɗa rijiya. Ya shiga jini ya saƙalo dalma, ƙoda ta fitar da su tare. Amma ƙugiya ba ta da ido, tana saƙalo har abin da jiki ke bukata, irin su zinki da tagulla, don haka ba a jefa ta sai an tabbatar gugan na ciki, in an jefa kuma ba a juya baya. Sai jinin yaro ya kai 45 ake fara maganar ba shi. Ana ba shi ana duba hanta da ƙwayoyin jini. A yi makonni, lamba ta sauka, uwa ta yi murna, a dawo awo a tarar ta sake hawa, domin dalma ƙashi take shigewa ta zauna shekara da shekaru, tana tsattsafowa cikin jini a hankali. Wani yaron sai an yi ta zagayowa da shi.

Jira ya fi komai ƙona wa iyaye rai. In ba wanda ke bakin mutuwa ba, ba a son a ba yaro maganin ya koma gidan da ƙurar take, aikin banza ne. Sai da aka haura shekara kafin kuɗin share ƙauyukan ya fito, a 2016, Amina Mohammed na ministar muhalli, bayan matasan Follow The Money su Hamzat Lawal sun yi ta kururuwa da sunan Shikira. A kankare saman ƙasar kowace tsakar gida da fartanya, a ɗura a buhu, a kai rami mai nisa a binne, a kawo sabuwar ƙasa a shimfiɗa, a share ɗaki har azara. Masu haƙa kuma aka koya musu feshin ruwa wajen niƙan dutse, da wanka da sauya tufa kafin su shiga gida, awon da aka yi ya nuna dalmar da ke tashi a iska ta ragu da kashi 95 cikin 100. Fartanya da ruwa da sabulu. Ba don su ba, da ƙwanson bai tsinana komai ba.

Wata Bakamukiya nake yawan tunawa, doguwa, mai ƙarancin magana. Ɗanta ya sha taune-taune kafin a kawo shi, ya tashi ba ya gani sosai, ƙafa ba ta ɗaukarsa, maganar da ya fara ta koma. Ba ta taɓa fashin ranar awo ba. Ranar da lambarsa ta sauka ƙasa da inda ake ba da magani, na gaya mata ina fara'a, sai ta ce, "Sista, to yaushe zai kira ni?" Na san amsar. Tun 2001 aka buga sakamakon gwajin da aka yi a Amurka a kan yara 780 masu dalma tsakanin 20 da 44: maganin ya sauke lamba, amma bai ƙara musu fahimta ko natsuwa a kan waɗanda ba a ba su ba. Na ce mata maganin ya tsare masa rai, ya hana ɓarna ƙaruwa, abin da ya riga ya taɓu kuwa sai haƙuri da koyarwa sannu a hankali. Ta gyara goyonta ta ce, "To a koya mini yadda zan koya masa." MSF ta miƙa aikin ga jiha a 2018. Tun da aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Kagara a Fabrairun 2021, ban ƙara bin hanyar ba, ban kuma ƙara jin labarinta ba.

Yanzu na ajiye aiki, zauren gidana a Bosso ya zama wurin tambaya. Matasan iyaye ke zuwa, da yawansu sun yi karatu mai zurfi, yaro a hannu ɗaya wanda ba ya kallon ido, waya a ɗayan. Abin ya samu suna, galahanga. Majalisar tsakar gida ta koma WhatsApp, ƙarshen maganar dai bai sauya ba. An ce ƙarfe ne ya taru a ƙwaƙwalwarsa, an ce zaibar da ke cikin allurar rigakafi ce. Su nuna mini hotuna: ɗigon garin dutse, ƙwayar gansakuka, ruwan ganye, gawayi, lakar wanka, abin liƙawa a tafin ƙafa da ke wayar gari baƙi ƙirin. Wasu an yanki gashin yaron an aika waje, takarda ta dawo da jajayen layuka. Wasu an fara ba yaron maganin saƙalo ƙarfe sannan aka ɗebi fitsari, alhali kowa aka yi wa haka sai fitsarinsa ya nuna ƙarfe. Wata ta faɗa mini kuɗin kwalba uku, ya fi albashinta na wata. Na dubi wuyanta da hannunta. Ba sarƙa, ba awarwaro.

Ba na yi musu faɗa. Wa zai yi wa Inna faɗa? Sai in sa a dama kunun gyaɗa, in ba su abin da na sani. Ƙasar Danmak ta cire sinadarin zaibar daga alluran yaranta a 1992, yawan yaran da ake ganowa da galahanga bai ragu ba. A 2008 cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta Amurka ta soke gwajin da ta shirya na ba irin waɗannan yara DMSA, bayan an ga ɓerayen da ba su da dalma a jiki, da aka ba su maganin, ya bar musu naƙasu mai ɗorewa wajen koyo. A 2015 masu tace binciken likitanci na Cochrane suka duba, ba su samu hujjar amfaninsa ga galahanga ba. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne yaron nan ɗan shekara 5, ɗan wani likita ɗan Najeriya mazaunin Ingila, da aka kai jihar Fensilbaniya ta Amurka a 2005 don a fitar masa da ƙarfe. Aka yi masa allurar EDTA ta jijiya, nau'in da ke kwashe kalsiyam daga jini, zuciyarsa ta tsaya, bai tashi ba. Sunansa irin namu ne. Ba ƙiyayya ce ta sa uwarsa ta ƙetare teku da shi ba.

Tafarnuwa a miya ba ta cutar da kowa, zogale ma alheri ne, yaron da ya ƙoshi kuma jininsa bai yi ƙaranci ba hanjinsa ba ya zuƙar dalma irin na mai yunwa. Amma ba ɗayansu da aka nuna yana buɗe bakin yaro, lakar da ake sayarwa da sunan wanke jiki kuwa an sha kama ta ɗauke da dalmar da kanta. In da gaske gubar na ciki, lokacin da aka ɓata ana ɗiga ruwan ganye shi ne ɓarnar. Don haka nakan tambaya: akwai mai haƙa a gidan, akwai mai fasa batir, ana sa kwalli, fentin ɗaki na ɓamɓarewa, tukunyarku irin wadda ake narkawa daga tarkacen inji ce? A ɗebi jini daga jijiya a auna. A duba kunnensa. Sannan a zauna da shi, abu ɗaya da murya ɗaya, yau da gobe.

Sai in kira Auta ya kawo musu ruwa. Ya doshi hamsin, furfura ta fito masa a gemu, yana wurina tun rasuwar Inna. Shekara da shekaru yana aiki a shagon wani tela, shi ke sa maɓalli da ninke kaya, ba a taɓa samun maɓallinsa a karkace ba. Maganarsa gajera ce, ba ya son hayaniyar biki, jam'i ba ya wuce shi. Ya gaishe su ido a ƙasa, ya ajiye kofuna a jere, ya koma. Wasu in sun gan shi hankalinsu ya kwanta. Wasu kuka suke yi, don ba wannan suka zo nema ba. Duka biyun na gane.

Haƙar zinariya kuwa ta matso har gefen gari. Samarin unguwa na fita da asuba a kan babur da diga da shebur, su dawo fari fat da ƙura, mijin wata maƙwabciyata na cikinsu. Watan jiya na shiga gaishe ta, na ga buhunan dutse a jingine a bayan ɗaki kusa da turmi, 'yarta mai rarrafe tana dafa su tana miƙewa. Na ce, "Amarya, wannan kayan ba na cikin gida ba ne," na ja kujera na ba ta labarin Unguwar Magiro. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Mama, na ji. To ina zai kai su? In ya bari a daji kafin safe an kwashe, kuma da su muke ci." Muka yi da ita ba za a ƙara daka dutse a gidan ba, maigidan zai riƙa wanka da sauya kaya kafin ya ɗauki yara, ita kuma ta yayyafa ruwa kafin shara. Na samu mai unguwa na ce ko za a nemi kango mai ƙofa da masu haƙar za su haɗa kuɗi su riƙa ajiya a ciki, ya ce zai tara su bayan sallar Juma'a. Yaran biyu ranar Litinin zan raka ta a ɗebi jininsu a aika awo. Buhunan suna nan tukuna, an dai ja su zaure an rufe da tamfol, ina kuma jiran maigidan ya dawo mu ƙarasa maganar.